Faci, Maho ko Dashe: Sunayen Gyaran Daɓen Tsohuwar Mota a Ƙasar Yauri

Tsaya a tashar Yelwa ka riƙa nuna wa yaron mota sassan tsohuwar Fijo, zai jero maka sunayensu ba gargada. Ga sitiyari, ga giya, ga kuloci da burki da totur, ga lagireto, ga salansa. Ko ɗan ƙaramin fulogi yana da sunan yanka. Amma nuna masa shimfiɗaɗɗen ƙarfen nan da fasinja ke ɗora ƙafa a kai, wanda kujeru ke zaune bisansa, sai amsa ta rarrabu. Wani ya ce ƙasan mota, wani ya ce cikin mota, wani kuma ya ce wurin taka ƙafa.

Babu wanda ya zauna daram a cikinsu. Ƙasan mota ya haɗa har da wurin da bakanike ke kwanciya yana kwance salansa. Cikin mota ya kwashe kujeru da rufi da gilasai gaba ɗaya. Wurin taka ƙafa kuwa bayani ne, kuma ya manta da ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera da na cikin but. Dalilin wannan giɓi, a ganina, ciniki ne. Sunayen kayan mota sun shigo Hausa ne ta bakin kanti: abin da ake saya, a canza, a yi cinikinsa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, dole ya samu suna, in ba haka ba yaya za a aiki yaro ya sayo? Wannan ƙarfe kuwa ba a sayensa a kwali. Yana kwance ƙarƙashin kafet da roba shekara da shekaru, ba mai ganinsa sai ranar da ƙura ta fara tasowa ta tsakanin ƙafafun direba.

Ni dai zan kira shi daɓen mota, kuma ina ganin sunan ya cancanci a karɓe shi. Daɓe shi ne abin da ake takawa a cikin ɗaki, yi ake yi da hannu, yana farfashewa, ana kuma sabunta shi. A Faransanci ma, harshen waɗanda suka ƙera Peugeot, kalmar da ake kiran wannan wuri da ita ita ce ta daɓen katako na ɗaki, domin motocin farko da falankai aka shimfiɗe ƙasansu, sunan ya zauna bayan katakon ya tafi.

Maganar ta shafi ƙasar Yauri fiye da wurare da yawa na Arewa. A shekarar 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, aka tashi dubban mutane daga tsibirai da gaɓar Neja aka sake musu matsuguni. A wannan shekarar ce kuma aka fito da Peugeot 504 a Faransa. Daga 1975 masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot, aka ci gaba da yin 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin ta. Ita da yayarta 404, musamman masu buɗaɗɗen baya da ake kira a-kori-kura, sun yi wa ƙananan hukumomi uku na masarautar Yauri, wato Yauri da Ngaski da Shanga, bauta ta gaske. Babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa ta nufi Koko da Jega tana da kwalta, amma mota ba a kan kwalta take samun lodi ba. Sai ta gangara bakin ruwa, a Wara ko a wata tunga ta ƙasar Shanga, ta shiga taɓo har cibiya, a loda mata kwandunan ɗanyen kifi da buhunan albasa da shinkafa. Ruwan Neja a nan sau biyu yake cika a shekara: farin ruwa mai laka na damina, da baƙin ruwa da ke isowa da hunturu bayan doguwar tafiya daga tsaunukan Gini. Saboda haka ko lokacin da sauran Arewa ta bushe ƙamas, tayoyin motar bakin tafki suna cikin danshi.

Kalmar da ta fi kowace yaudarar mai mota ita ce bodi. Mun same ta ne a zamanin manyan motocin ɗaukar kaya, lokacin da ake sayo kan mota da cesis, wato dogayen ƙarafa biyun nan masu kauri da inji da tayoyi ke ɗaure a kansu, sannan kafinta ya gina bodin katako a sama. A irin wannan mota cesis ne ƙashi. Bodi ana iya sauke shi a ɗora wani, mota ba ta san an yi ba. Har yau Toyota Hilux da motar Kanta da tirela haka suke. Daga nan tunani ya kafu cewa aikin bodi aikin ado ne, na gyaran lotsawa da fenti, wanda ake iya jinkirtawa sai an samu sarari. To amma ƙaramar 504 ta ɗaukar mutane, da Golf, da Corolla, da kusan duk ƙananan motocin da aka yi a shekaru hamsin ɗin nan, ba su da cesis na daban. Daɓe da gefuna da ginshiƙai da rufi duk an haɗe su da walda sun zama abu guda, kuma wannan abu gudan shi ke ɗauke da nauyin kowa. Kamfanin Citroën ya yaɗa wannan ƙira tun 1934. Sunanta a Faransanci yana nufin ɓawo ɗaya, kuma da kalmar ɓawon nan suke kiran gangar jikin jirgin ruwa, abin da mutumin ruwa, Basarke ko Bagunge, zai gane nan take. Kamar ƙwarya take: ƙarfinta yana cikin cikarta, idan gindinta ya ɓule ba gindin kaɗai ya raunana ba, dukanta ce. Shi ya sa za ka ga tsohuwar mota ƙofarta ta daina rufuwa daidai, ko gilashin gaba ya tsage ba a jefe shi ba. A tafi wajen mai gyaran ƙofa, alhali ciwon yana ƙarƙashin kafet.

Motoci biyu na da sun bi wata hanyar. Volkswagen ɗin nan mai ƙusumbi, Boswaja, wadda aka harhaɗa a Legas daga 1975, daɓenta shi ne cesis ɗinta: faranti biyu, dama da hagu, manne da wani ƙashin baya a tsakiya, bodi kuma da kusoshi aka ɗaure shi a kai. Har yau ana buga sababbin farantan nan ana sayar wa masu riƙon tsofaffin motoci a duniya. Land Rover kuwa, tun fitowarta a 1948, da alminiyam ake yin fatar jikinta, shi ya sa ake cewa ba ta tsatsa. Amma cesis ɗinta baƙin ƙarfe ne, haka ma bangon da ke tsakanin inji da direba har zuwa wurin ƙafafu, kuma nan ne take ruɓewa.

Ita tsatsa sunanta Hausa ce tsantsa, ta girmi mota, maƙera sun san ta tun ana narka tama. Abin lura shi ne kalmomin aikin da ke binta. Muna cewa tsatsa ta kama, idan ja ya bayyana a fuskar ƙarfe amma jikinsa na nan. Muna cewa ta ci, idan ta shiga nama, ƙarfe ya fara ɓarewa falle-falle. Sai ya ɓule, idan haske ya ratsa. Sai ya ruɓe ko ya zagwanye, idan ɗan yatsa ma zai iya karya shi. Masu walda suna da ta biyar, su ce ƙarfen ya mutu, wato ko an kai masa wuta ba zai karɓi narki ba, sai dai ya ƙone ya zube. Wannan jeri ya dace da abin da ilimi ya tabbatar. Tsatsa haɗuwar ƙarfe ce da iskar oksijin a gaban ruwa. Abin da ke fitowa ya fi ƙarfen asali girma, yana da ƙofofi, yana riƙe danshi, saboda haka kowane falle da ya tashi yana buɗe wa ruwa hanya zuwa na ƙarƙashinsa. Alminiyam idan ya haɗu da iska fata yake yi mai tauri da ke kare shi. Baƙin ƙarfe bai samu wannan gata ba. Kaurin daɓen mota kuwa bai cika wuce milimita 1 ba. Abin da za a ci ɗan kaɗan ne.

A Turai da Amurka gishirin da ake watsa wa tituna don narkar da ƙanƙara shi ne babban mai laifi, kuma daga waje yake ci. A nan galibi daga ciki ne. Ruwan kwandon kifi yana tsiyaya ya shige ƙarƙashin roba. Buhun taki ko na gishiri ya fashe, a share na sama a bar na lungu, taki kuwa yana jan danshi daga iska yana kuma gaggauta cin ƙarfe. Fitsarin awaki da tumaki ranar kasuwa, ruwan batir da ya zuba, robar gilashi da rana ta busar har ruwan sama ke bi ta gefe, da wankin mota a bakin kogi inda ake kwarara bokiti a ciki a mayar da kafet bai bushe ba, duk suna tara wa daɓe abin da zai kashe shi. Sai kuma laka da ke manne a lungunan ƙasa tana riƙe ruwa makonni. Akwai kuma tsatsar gado. Motocin da ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, sunan tashar da suka sauka da ƙasar da aka lodo da yawansu, sun ci hunturun Turai kafin su zo. Jihar Kebbi, inda Yauri take, tana iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Bagudo, kuma kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, hanyar Kwatano ita ce babbar ƙofa. Sunan Beljiyam ya zama yabo a bakin dillalai, ma'anarsa ba a taɓa wahalar da ita a hanyoyinmu ba. Gaskiya ne game da inji da sifirin. Game da daɓe, sai an leƙa.

Hausa ba ta haɗa ramuka a kwando ɗaya ba. Rami na ƙasa ne ko na abu mai zurfi. Huda ko huji da gangan ake yi, ko wani abu mai tsini ya yi. Tsaga doguwa ce, ta gajiyar ƙarfe, ana yawan ganinta kusa da kusoshin kujera. Ɓuli shi ne na tsatsa, bakinsa ba ya da tsari, kuma abin da ido ya gani ƙarami ne a kan abin da ya lalace kewaye da shi. Akwai kuma kafa, kuma wannan ce nake so a kiyaye. Masana'anta da kanta tana barin 'yan kafofi zagayayyu a daɓe da ƙasan ƙofofi da gefuna, wasu da murfin roba, domin ruwan da ya shiga ya samu mafita. Mai gyaran da ya ɗauki kowace kafa a matsayin ɓuli ya bi ya liƙe su duka, ya mayar da daɓen tafki.

Sai babbar kalmar, faci. Daga Turanci take, inda take farawa da harafin p, wanda Hausa ke mayarwa f kamar yadda ta yi wa fenti da famfo da fasinja da ita kanta Fijo. A bakin mutanen yamma, Sakkwato da Kabi, har ka ji hwaci. Ta shigo ne tare da keke da mota, ta zauna a kan tayar da ta yi fanca, har mai wannan sana'a ya zama mai faci. A taya kalmar ta yi daidai: a kankare, a shafa gam, a manna roba a kan huji, iska ta tsaya, an gama. Matsalar ita ce faci ya fita daga rumfar mai taya ya mamaye ko'ina. Ana facin titi, ana facin rufi, ana facin wando, ana facin daɓen mota, kuma ko'ina ya je yana tafe da hotonsa na asali, wato a ɗora wani abu a kan ɓarna a bar ɓarnar a ƙasa.

Kafin zuwansa Hausa ta rarrabe aikin gyara dalla-dalla, kowane iri da sunansa da ma'auninsa. Maho na tufa ne, ƙyalle a kan yagewa, kuma abin da ake nema gare shi sutura, ido kada ya ga jiki. Liƙi na kwano ne da buta da tukunya, da dalma ko wani abu mai narkewa, ma'auninsa kada ya yi yoyo. Toshiya cusa abu ce a cikin kafa, ta yau ce zuwa gobe. Ɗinkin gyartai, mai gyaran fasasshiyar ƙwarya, huda gefe da gefe ne a jawo ɓangarorin su haɗu baki da baki. Sana'ar da aka raina har karin magana ya ce ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta, alhali ita ce ta fi kusa da aikin da muke magana a kai. Sai ɗori, na maɗori, wanda ba a yaba shi da kyan gani, sai ranar da mai karaya ya taka ƙafar ya ji ta ɗauke shi. Daɓen mota yana bukatar abin da maho da liƙi da ɗori ke bayarwa a lokaci guda. Yana son sutura daga ƙura. Yana son liƙi daga ruwa da kuma hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da iskar guba marar wari da ke sa direba ciwon kai da gyangyaɗi, ta kuma iya kisa idan gilasai na rufe. Yana kuma son ƙarfin ɗori, domin a jikinsa aka ɗaure kujera da bel, kuma ranar haɗari shi zai riƙe su ko ya sake su. Kalmar faci ta haɗiye waɗannan bambance-bambance, sai mai mota ya biya kuɗin maho yana zaton ya sayi ɗori.

Mutanen bakin tafki suna da wani dalili na daban na yarda da facin sama. Sun saba ganin ana gyaran jirgin katako ta hanyar cusa auduga ko tsumma a tsaga, a shafa kwalta, a buga fallen gwangwani da ƙananan ƙusoshi a kai, kuma yana yi, domin katako idan ya sha ruwa kumbura yake ya matse abin da aka cusa masa. Ƙarfe ba ya kumbura ya taimaki mai gyara. Idan aka ɗora faranti a kan ɓuli, tsakanin sabo da tsoho akwai siririn fili da ruwa zai shiga ya kasa fita, fenti kuma ba ya kai wa can. Tsatsar da aka rufe sai ta samu ɗaki, ta ci tsohon ta kama sabon.

Aikin ƙwarai a gareji ana kiransa da jimla guda: a yanke a sa sabo. Da za a nemi kalma ɗaya, dashe zan zaɓa, wadda manomin albasa ya sani, likitoci ma suka ara don ƙoda. Ana fara shi da cire kujeru da kafet da kan batir, sannan a leƙa ƙasa a ga inda bututun fetur da na burki da wayoyi suka bi, domin a jikin daɓe suke tafiya kuma wuta ba ta tambaya. A bi ƙarfen da ƙaramar guduma: mai rai yana amsawa da ƙara, matacce kuwa dum yake yi. A yanke har sai bakin yankan ya nuna farin ƙarfe mai cikakken kauri ta kowane gefe, ko da ɓulin da bai fi kwabo ba zai koma faɗin tafin hannu biyu. A auna da kwali, a yanko sabon ƙarfe mai kauri irin na asali, a buga masa layukan tudu da kwari irin waɗanda masana'anta ta matsa, domin su ke hana daɓe lanƙwasa da kaɗawa. A zaunar da shi cikin gurbin baki da baki, a kama shi da ɗigon walda nan da can, a bar shi ya huce, a dawo a cike tsakanin ɗigo da ɗigo har ɗinkin ya zagaye ba kafa. Gaggawa a nan ita ke murɗe ƙarfe. Daga nan a goge, a shafa jan fenti na kariya ciki da waje, kafin a zo ga baƙin shafe na ƙasa. A Ingila, a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, tsatsa mai tsanani a cikin santimita 30 daga mazaunin bel ko burki ko sitiyari ko sifirin tana kayar da mota, kuma gyaran irin wannan wuri sai da walda mai zagayewa ake karɓarsa.

Ita walda tana da nata labarin. A Turanci sunan mutumin ne mai yin aikin, mu kuma muka ɗauka muka raɗa wa aikin, sannan muka ƙara mai a gaba don mu samo mutumin. Bakanike ya fi ta tafiya mai nisa: makanike ne, kunnen Bahaushe ya ji farkonsa kamar na Bakano da Bayauri, ya mayar da shi ba, sai ga kanikawa da kanikanci, kamar wata ƙabila mai garinta. Mai buga bodi kuwa, fanalbita, sunansa bai gama narkewa a baki ba, kowane gari da yadda yake furta shi. Dukansu jikokin maƙera ne a aiki, masu ƙirar baƙi, ko da ba su gaji uwar maƙera da masaba ba. Abin da mai mota ya kamata ya sani shi ne walda iri-iri ce. Ta lantarki mai sanda, wadda ake ƙofofi da tagogi da ita, ta yi wa daɓe zafi, tana huda shi ne a maimakon ta haɗa. Ta gas, wadda ake kira ta kabaid, ita fanalbita ke riƙe da ita: a zuba wa dutsen kabaid ruwa ya fitar da iskar asitilin, a haɗa ta da oksijin, harshen wutar ya haura digiri 3,000, ƙarfe kuwa wajen digiri 1,500 yake narkewa. Ba ta jiran wutar lantarki, abin da ya sa ta zauna da gindinta har a garuruwan da ke kallon ruwan da ke juya injinan Kainji. Amma zafinta yana yaɗuwa, yana ƙone fentin da ke kewaye har ta bayan ƙarfe, kuma wurin da ya ƙone ba a sake shafe shi ba nan sabuwar tsatsa ke fara kamawa. 

Sabon ƙarfe ma sunaye gare shi, kuma a nan ake yawan cutar wanda bai tambaya ba. Faranti shi ne baƙin falle da ake saya da awo. Tsohon bodi, wato rufi ko bonet na wata motar da ta mutu, yana da kyau ƙwarai idan lafiyayye ne, domin irin ƙarfen ne kuma kaurin ya yi kusa. Kwano kuwa, na rufin ɗaki, ya yi siriri, ba ya ɗaukar nauyi, ga shi an lulluɓe shi da zinki wanda idan wuta ta taɓa shi yake tayar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Madarar da masu walda ke sha bayan aiki ba ta hana wannan. Iska mai wucewa da goge zinkin kafin a kunna wuta su ne kariya. Fila, wato ƙullin nan da ake shafe lotsawa da shi kafin fenti, ba ƙarfe ba ne ko kaɗan. A ƙofa yana da amfaninsa. A daɓe ruwa yake sha ta baya, ya tsage, ya faɗo. Kwalta da baƙin mai da ake shafawa a ƙasa suna taimakon lafiyayyen ƙarfe, amma kwalta a kan tsatsa lulluɓi ce kawai, baƙin mai kuma kada a yi shi a inda zai gangara ruwan da ake kamun kifi.

Me ya sa ake yarda da duk wannan? Ina ganin amsar tana cikin sunan da muke ba motar kanta. Jamus tun 1997 tana ba motar da ta kai shekara 30 kuma aka adana ta da kyau lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe. Ingila tana ɗaukar mai shekara 40 a matsayin motar tarihi. A ma'aunin Jamus, yawancin 504 da suka fito daga Kakuri sun isa wannan matsayi da shekaru. Mu kalmominmu na tsohuwar mota kusan duk na raini ne: akwala, ƙwaraɓaɓɓiya, tsohon yayi, gwangwani. Motar da muke girmamawa saboda mai ita ne, kamar Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, wadda ke gidan tarihi na Onikan a Legas da hujin harsasanta a buɗe, domin su ne shaidar. A-kori-kurar da ta yi shekara talatin tana kai albasar Yauri kasuwa ba ta da wannan gata, makomarta sikelin 'yan gwangwan. Wanda ya riga ya kira motarsa akwala ba zai kashe mata kuɗin dashe ba. Hausa kuwa tana da abin da za ta ce in ta so, tunda ita ta ce tsohon doki sai mai shi, ta kuma ce da tsohuwar zuma ake magani. Motar gado, ko motar da, sun isa su zama sunan mutunci ga irin waɗannan.

Saura kalma ɗaya da ba na son a zalunta, maneji. Direban da ke da bakin ciyarwa, kasuwa kuma gobe ce, ba zai ajiye mota mako guda ba. Idan ya ce, «Malam, a yi mini maneji zuwa bayan girbi,» mai walda kuma ya amsa, «To Alhaji, zan ɗora maka faranti, amma ka sani na wucin gadi ne, kuma wajen ƙafar kujerar nan ba na maneji ba ne, sai an yanke,» to an yi ciniki na gaskiya, kowa ya san abin da ya saya. Ɓarna tana zuwa ne idan aka yi maneji aka kira shi gyara, aka shafe da kwalta, aka mayar da kafet, musamman in motar sayarwa za a yi. Mai saye yana da haƙƙin ya ɗaga kafet ya ƙwanƙwasa. Mai ba da gyara kuma ya nemi a nuna masa mataccen ƙarfen da aka yanko, ya ga ɗinkin ta sama da ta ƙasa kafin a shafa komai, ya tabbatar an bar kafofin ruwa a buɗe. Lokacin aikin kuwa bazara ce, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da laka ta bushe ta kakkaɓe, lungunan ƙarfe suka rabu da danshi, fenti kuma zai samu kwanakin kamawa kafin ruwan farko ya sauka.